Sarkin Kano Ibrahim Dabo da Garuruwan Bakin Iyaka

Duk wanda ya hau gadon sarautar Kano tun daga shekarar 1846 har zuwa yau, daga tsatson mutum guda ya fito, watau Malam Ibrahim Dabo ɗan Mahmudu, Basulluɓe, Sarkin Kano na biyu a zamanin Fulani. Wannan kowane ɗan makaranta ya sani. Abin da ba a cika gaya wa yara ba shi ne, sa'ad da aka naɗa shi ikonsa bai wuce ganuwar birni da nisa ba, kuma cikin garuruwan da suka juya masa baya har da Ƙaraye, wadda daga baya ta zama garkuwar Kano ta wajen yamma. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba da labarinsa ta wannan fuska, mu tsaya a bakin iyaka mu hango shi, mu ga irin gidajen da mutane suka gina da irin sana'o'in da suka kama a ƙarƙashin inuwarsa.

Sunan mahaifiyarsa Halimatu. Ya tashi gidan karatu, ya kuwa yi karatun, har ana lissafa shi cikin malaman zamaninsa, kuma akwai littafinsa da ake kira Kaff al-Ikhwan. Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, malaman Kano masu goyon bayansa su ma suka fice, suka taru a Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. Shugaban Sulluɓawa a wannan tafiya shi ne Malam Jamo, wan Dabo. Akwai kuma Malam Bakatsine na Joɓawa, da Malam Jibir na Yolawa, da Malam Ɗan Zabuwa na Danejawa, da Malam Usman Bahaushe, da Malam Dabon Dambazau. A lura fa, Dabo biyu ne, masu karatu kan rikita su. Na Dambazau shi ne ya zama Sarkin Bai, namu kuwa shi ne ya zama Sarkin Kano.

Tun daga nan Dabo ya san ƙasar yamma da ƙafarsa, domin a nan aka fara ɗauki ba daɗi, kuma Ƙaraye tana cikin manyan garuruwan da suka fara faɗawa hannun jama'a. Bayan yaƙin Ɗanyaya ƙarfin Sarki Alwali ya karye, aka bi shi har Burumburum aka kashe shi cikin 1807. Aka ba Malam Sulaimanu sarauta, mutum mai tsoron Allah, mai sauƙin kai, wanda limanci ya fi damunsa da mulki. A zamaninsa Dabo ya zama Galadima.

Da Sulaimanu ya rasu cikin 1819, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko da takardar naɗin Dabo. Nan fa ƙasa ta yamutse. Manyan gidajen da suka yi jihadi kowa yana ganin shi ma ya isa, sarakunan garuruwa kuwa sun saba shekara goma sha biyu ba mai matsa musu. Tarihin Kano ya ce wanda Dabo ya ba Galadima, Sani, shi ne ya shiga zuga garuruwa, har tawaye ya game ƙasa, ya kama daga Ungogo zuwa Dambatta, daga Jirima zuwa Sankara, daga Dutse zuwa Birnin Kudu, har Ƙaraye. Mai karatu ya dubi taswira ya gani. Ungogo fa a bakin ƙofar birni take. Arewa, gabas, kudu da yamma, babu inda ayarin hatsi zai bi ya shigo Kurmi da kwanciyar rai.

Abin da Dabo ya yi da fari ya nuna irin mutumin. Ya shiga gida ya rufe ƙofa, ya yi halwa kwana arba'in yana roƙon Allah nasara. Da ya fito sai ya kafa sansani a Dutsen Dala, ya yi kwanaki a can inda kowa a birni zai ɗaga kai ya gan shi. Sa'an nan ya zaɓi inda zai fara sara. Bai fara da na kusa ba. Ya tashi Sarkin Dawaki Manu Mai Tuta ya aike shi Ƙaraye, tafiyar kwana biyu ko uku, ya je ya ci garin ya komo.

Don me Ƙaraye? Wanda ya san tarihin garin ba zai yi mamaki ba. Tun zamanin Haɓe, cikin ƙarni na 17, a nan Wambai Giwa ya zauna bayan ya gama ƙarin ganuwar Kano ga Sarki Muhammadu Nazaki. Daga Ƙaraye yake kai wa Katsinawa hari, ya tara dawakai da 'yan lifida har fada ta tsorata da shi, Sarki Kutumbi ya tuɓe shi. Watau tun dā an san cewa mai riƙe da Ƙaraye yana iya tsare Kano, yana kuma iya razana ta. Garin yana kusa da kogin Challawa, ga fadama, ga daji, kuma daga nan in ka ratsa ƙasar Rogo ka taka iyakar Zazzau ta kudu, ka taka ta Katsina ta yamma. Sarkin da ya bar wannan kusurwa a hannun 'yan tawaye ya buɗe musu hanyar samun gudummawa daga waje.

Bayan Ƙaraye Dabo ya hau da kansa. Ya ci Jirima, ya ci Gasakoli da Jijita, daga baya ya ci Sankara da Rano, har aka yi masa laƙabi da Ci-gari. Wanda ya gagare shi shi ne Ɗan Tunku, shugaban Yarimawa na arewa. Shekara biyar ana ja, har Dabo ya mai da Fanisau mazauninsa na yaƙi. A can Baturen Birtaniya Kyaftin Clapperton ya je ya gaishe shi bayan ya iso Kano ran 20 ga Janairu 1824. Ƙarshen abin Sarkin Musulmi ne ya raba gardama, aka yanke wa Ɗan Tunku ƙasar Kazaure ta zama sarauta mai cin gashin kanta. Bayan shekara uku kuma, farkon 1827, Shehu Laminu na Barno ya kutso da runduna ta gabashin Kano, sai da Yakubun Bauchi ya tare shi sa'an nan ya juya. Marubucin Tarihin Kano ya yabi zamanin Dabo da cewa ba a yi yaƙin waje ba kuma abinci ya wadata. Zancen abinci mun yarda, na yaƙi kuwa akwai alkunya a ciki.

To, cin gari abu ne mai sauƙi a kan riƙe shi, kuma a nan ne hankalin Dabo ya fi bayyana. Ya nemi iznin Sakkwato ya farfaɗo da sarautun Haɓe da tsarin Gidan Rumfa. Ya raba wa 'ya'yansa da danginsa da amintattunsa sarautu, ya mai da manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bakin aikinsu, da Galadima Sani ya rasu kuma ya naɗa amininsa Ango. Akwai malaman da har yau suke ganin wannan komawa ce ga abin da aka yi jihadi don a kawar. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin daga nan ne sarauta ta zama gadon gida guda, kuma rigimar gadon nan ce ta haifi Basasa cikin 1893. Amma wanda ya ga abin da ya sami ƙasa cikin 1819 zai yi wuya ya ce akwai wata hanya da ta fi wannan kusa.

Abu na biyu shi ne ribaɗi. Wannan dabara ce ta Sarkin Musulmi Bello, wanda shi kansa ya bar Sakkwato ya tare a ribaɗin Wurno har ya rasu a can cikin 1837. Ma'anarta a kafa gari mai ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalinsu, su yi noma da damina, su tsare hanya da rani. A littafin da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, Usul al-Siyasa, Bello ya hori sarki da ya kula da masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya ga kowane gari ya sami rabonsa daga cikinsu, ya gina ganuwa, ya gyara kasuwa da hanya. Dabo ya bi wannan a Kano. Ta arewa akwai Fanisau da maƙwabtanta. Ta yamma kuwa Gwarzo da Ƙaraye su ne suka tsaya a gaban Katsinawan Maraɗi, waɗanda tun wajen 1819 suka kafu a can, suna ratso dajin Ruma da rani su kama mutane da shanu su koma. Ko bayan da Bello ya karya su a Gawakuke cikin 1836, harin bai mutu ba.

Bari mu shiga irin wannan gari mu duba. Abu na farko ganuwa, ko kuwa kafi na itace in garin sabo ne, da gwalalo a bayanta, da sarƙaƙiya da aka bari ta yi duhu don doki kada ya kusato. Ƙofa ƙunƙuntacciya ce, da ƙyaure na itace mai ɗaurin ƙarfe, ana rufe ta da almuru, Sarkin Ƙofa yana kwana kusa. A cikin ganuwa akan bar fili mai yawa ba gini, don in an kewaye gari a sami wurin shuka da wurin tsare dabbobin mutanen ƙauye da suka gudo. Gidan sarki da masallaci da kasuwa suna tsakiya. Mai hali yakan gina soro da tubali, a yi masa rufi da azara, a shafe bango da makuba don ruwa, ga zaure a bakin hanya inda yake karɓar baƙi, ga shigifa, sa'an nan cikin gida. Talaka kuwa ɗakin ciyawa ne da dangar kara, amma ko shi ba ya rasa rumbu, domin a garin iyaka rumbu ya fi ɗaki daraja. Gidan da ya fi kowane cika da rani shi ne na fatoma, mai saukar da fatake. Shi zai ba su ɗaki da turken jakuna, matansa su dafa musu tuwo, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu shaida in an yi ciniki bashi, ya sami la'adarsa.

Kada mu ɓoye wani abu. Da yawa cikin hannuwan da suka ɗebi ƙasar ganuwar nan, suka nome gandayen sarki da na hakimai a Fanisau da sauran wurare, hannuwan bayi ne, waɗansu kuwa an kamo su ne a irin yaƙe-yaƙen da muka ambata. Garin da aka gina don kada a kama mutanensa, shi ma da kamammun mutane aka gina shi.

Cikin masu sana'a duka babu wanda garin iyaka ya fi bukata kamar maƙeri. In babu shi babu fartanya da garma da lauje da gatari, babu kan kibiya da mashi, babu linzami da likkafa, babu ƙusar ƙyauren ƙofa. Kano kuwa tun asalinta garin tama ce. Labarin kaka da kakanni ya ce Abagayawa maƙera ne da suka zo daga Gaya neman tama a Dala, masu tonon tarihi kuma sun sami murhun narka ƙarfe a gindin dutsen wanda ya kai ƙarni na 7. Amma narka tama yana cin itace ƙwarai, birni kuwa ya daɗe da cinye dajinsa. Saboda haka aikin ya koma inda daji ya saura, watau gefen ƙasa, inda hari ya fi yawa. Da an gama girbi sai masu tama su fita su yi bukkoki kusa da ramin, waɗansu na haƙa, waɗansu na farfasa dutsen suna tsince mai nauyi, waɗansu na sarar ƙirya suna ƙona gawayi, gama gawayin ƙirya ya fi kowane riƙe wuta. A gina murhu na yumɓu, a jera gawayi da tama bi da bi, a kunna, a kwana ana tsaro. In an fasa sai a fid da gurar ƙarfe a bar kashin maƙera tuli guda, irin wanda manoma suke tuntuɓe da shi a gonaki har yanzu. Daga nan jakuna su kwashe zuwa maƙera, inda ɗan zuga yake kan zugazugi, maigida yana riƙe da awartaki, ƙattai suna sauke masaba bisa uwar maƙera. Sarkin Maƙera ne ke tsakaninsu da fada. In za a fita yaƙi, ta bakinsa ake raba musu aikin makamai.

Mutumin da ke cikin rami tsakiyar daji, ba doki ba garkuwa, shi ne abincin mahara na farko. Ba zai fita ba sai ya san akwai ganuwar da zai iya kaiwa da gudu, da mahaya da za su bi sawu. Ashe ke nan ribaɗi da maƙera abu guda ne, ganuwa tana tsare mai tama, mai tama yana ba ganuwa makami.

Can ƙuryar kudu kuma, cikin duwatsun da ke ƙaramar hukumar Doguwa ta yanzu, akwai Riruwai, wadda ita ce garin haƙar ma'adini na sosai a ƙasar Kano. Arzikinta kuza ne. Akan ɗebo yashin rafi a ƙwarya a yi ta rairaya cikin ruwa har farin yashi ya tafi, baƙin mai nauyi ya kwanta. Shi za a narka da gawayi, a zuba ruwansa cikin 'yan ramukan da aka yi da tsinken ciyawa, in ya huce ya fito siri-siri kamar tsinke, a ɗaure dami-dami a sayar wa fatake. Maƙeran fari su ne masu sayensa, suna yin zobba da kayan ado, suna farare tasoshin tagulla da kayan doki. Clapperton ya ga kuza da tozali a kasuwar Kurmi, ya kuwa rubuta cewa duka biyu daga ƙasar ake samunsu.

Shi wannan Bature ya ƙiyasta mutanen birni tsakanin 30,000 da 40,000, kuma tsarin kasuwar ya ba shi sha'awa. Akwai mai kula da ita, rumfuna na haya ne, ciniki da wuri ake yi. Abin da ya fi burge shi, in an sayi riga ko turkuɗi aka kai wata ƙasa, ko da Barno ce, aka tarar da algus, akan komo da ita, a duba alamar dillalin da ke cikin naɗin, a tilasta a mai da kuɗi. A tuna fa wannan yana faruwa ne sarki yana sansani, yaƙin Ɗan Tunku bai ƙare ba. Shekara biyar bayan rasuwar Dabo, cikin 1851, Dokta Barth ya zo ya tarar da abin ya bunƙasa. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya ce karofin birni sun fi 2,000, kowace ana biya mata wuri 700. Ƙarfen Kano ne kaɗai bai yaba ba, ya ce na waɗansu ƙasashe da ya gani ya fi shi kyau. Auduga da baba da hatsin da suka ɗauki wannan ciniki daga ƙauyuka suke zuwa, ƙauyukan kuwa ba su zauna ba sai da aka toshe iyaka.

Yana da kyau malamin makaranta ya gwada wa yara wannan da abin da ya faru a wata nahiya a zamani guda. Cikin Janairu 1848 aka tsinci zinariya a Kalifoniya ta Amurka. Kafin shekara biyu San Faransisko, wadda mutanenta ba su kai dubu ba, ta tara wajen 25,000. Garuruwan haƙa na can da tanti da katako aka fara su, mazaje zalla, kantin kaya da masauki da gidan caca su ne farkon gini, hukuma kuwa sai daga baya ta biyo. In zinariya ta ƙare a watse a bar kango. Namu da izinin sarki ake kafa su, ganuwa da masallaci su ne farko, mutum da matansa da rumbunsa yake zuwa, haƙa kuwa aikin rani ne ga wanda asalinsa manomi ne. Shi ya sa da ƙarfen Turai ya kashe narkar tama, garuruwan ba su mutu ba. Ƙaraye tana nan, ga madatsar ruwan Challawa da aka gama cikin 1992 a kusa da ita, kuma dokar 2024 ta bar ta masarauta mai daraja ta biyu, ita da Rogo.

Dabo ya rasu cikin watan Safar na 1262, watau Fabrairu 1846, bayan ya yi shekara 27 da wata 3 bisa gado. Allah ya ji ƙansa. 'Ya'yansa uku suka gaje shi bi da bi, Usman, da Abdullahi Maje Karofi, da Muhammadu Bello, dukansu ɗiyan Shekara ne.

Sai dai iyakar da ya bari a buɗe ita ce ta kudu maso gabas, don a zamaninsa ba ta da haɗari. Wajen shekarar da ya rasu, waɗansu malamai na Tsakuwa, shugabansu Malam Hamza, suka yi rigima da masu karɓar kuɗin ƙasa, suka tashi suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen wurin. Cikin 'yan shekaru Ningi ta zama masifar da ta fi Maraɗi, Abdullahi ya ƙare yawancin sarautarsa yana fama da su Ɗan Maje da Haruna. Kudancin Kano ya sha hari, har masu narka kuza da yawa suka bar Riruwai suka koma ƙasar Bauchi, inda ake kira Liruwen Dalma. Tsinkayen kuzan nan ne ma'aikatan Kamfanin Neja suka riƙa gani a kasuwannin bakin Binuwai, suka yi ta tambayar inda suke fitowa, har cikin 1902 suka aika aka bi sawun fatake zuwa duwatsun Bauchi da Jos.